Juma'a Uku da Kwana Goma Sha Biyar

Sana'ata buga wa mutane takardu. Ina da ɗan shago a unguwar Guéma ta Parakou, da kwamfuta ɗaya, da injin kwafi ɗaya, da fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. Masu neman aiki, masu rigimar fili, waɗanda sai sun yi furfura suke tuna ba su da takardar haihuwa, duk ta wurina suke bi. Shi ya sa a gidanmu na Djougou, da zarar takarda ta zo da Faransanci, ni ake kira daga Parakou. Ana kuma cewa ina da baki, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na san abin da doka ta ce, na kuma san ranar.

Ƙanena direba ne. Shi ke bi mini, shekara huɗu tsakaninmu, yana da mata da 'ya'ya biyu. Yana jan wata tsohuwar bashe, motar nan mai tanti a baya, yana kwaso doya daga ƙauyuka zuwa kasuwar Djougou. Motar ba tasa ba ce. Wata ranar damina, da hantsi, ya gangaro da kaya, ya taka birki, birki ya ƙi. Wani tela yana tafe a kan keke a gefen hanya. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Mutane suka taso da sanduna. Ƙanena ya bar motar ya ruga, bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda na gaba, ya miƙa kansa. Amma a takarda abin da aka rubuta shi ne ya kashe mutum ya gudu. Mai motar kuwa, wanda ƙanena ya sha gaya wa maganar birkin, ya kashe waya, aka ce ya yi tafiya.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne mamacin ba bare ba ne. Kakansa da kakanmu ayari ɗaya suka bi da goro a zamanin fatauci, gidajenmu lungu biyu ne a tsakani, kuma ubansa, wani dattijo dillalin goro, shi ya riƙe ƙafar gawar mahaifinmu ranar da aka sa shi a kabari. Mun je ta'aziyya kunya kamar ta kashe mu. Aka amsa mana gaisuwa, ba wanda ya dube mu.

Lauya kuwa ba mu da halinsa. Na tambaya ko gwamnati na bayarwa, aka ce mini wannan sai ga manyan laifuka. Haka ƙanena ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai, wata Talata, da rigar da na wanke masa. Uban mamacin yana zaune a benci na gaba. A gidanmu ba a koya wa yaro ya kare kansa a gaban babban da ya ɓata wa ba, balle a gaban wanda ya rasa ɗa. Alƙali ya tambaye shi ta bakin tafinta ko yana da abin faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne. Allah ya ba su haƙuri." Bai ambaci birki ba, bai ambaci sanduna ba, bai ce da ƙafarsa ya je wurin 'yan sanda ba. Ina bayansa ina ji kamar in tashi in girgiza shi. Aka yanke masa shekara uku.

Kafin a fita da shi alƙali ya ce yana da kwana goma sha biyar na ɗaukaka ƙara. Tafinta ya maimaita, sarai, kowa ya ji. Ni har na ƙirga a yatsuna a cikin mayafi: Laraba, sati biyu daga washegari.

Da yamma aka taru a zauren Baffa, yayan mahaifinmu, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar baban. Na ce a yi apel, wato a ɗaukaka ƙara. Baffa ya bar ni na gama, sannan ya ce jibi ake sadakar arba'in ta mamacin, kuma daga Juma'a za a fara roƙo.

Wanda bai tashi a cikinmu ba sai an yi masa bayani. Tsakanin gidajen fatake, idan rai ya salwanta a hannun wani, manyan gidansa sukan ɗaure goro su je gidan mamacin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zuwan farko ba a karɓar goron, sai a ce, "Mun ji." Juma'a ta biyu akan yarda a ajiye shi, amma ba a kwancewa. Ta uku ce ake ba da amsa: ko a kwance a raba, an yafe ke nan, ko a mayar muku da abinku yadda kuka ɗauro shi. A tsawon wannan lokaci gidan da ke roƙo ba ya motsi. Ba ya kai kuka wurin kowa, ba ya musu, ko biki ya taso sai a ɗaga.

Na ce, "Baffa, Juma'a ta uku ta wuce ranar da kwana biyu."

Ya ce, "Wace rana?"

"Ranar da alƙalin tiribinal ya sa. Daga Laraba ƙofa ta rufe."

"To ke so kike mu je wa bawan Allahn nan da goro a hannun dama, a hannun hagu kuma da takardar cewa ba mu yarda da hukunci ba? Ya ji a gari cewa muna jayayya a kan jinin ɗansa? Ashe lakwal ɗin naki, bokon nan, bai koya miki kunya ba."

Na ce ai apel ba da dattijon ake yi ba, da hukunci ake yi. Baffa ya ce a Djougou ba wanda zai tsaya rarrabe wannan. Ya ce kaso yana ƙarewa, amma idan uban yaron ya ɗaga hannu ya kai mu ƙara wurin Allah, ko ni da injina ba ni da takardar da zan buga. Mazan da ke zauren suka yi 'yar dariya. Sannan ya kawo abin da ya kwantar wa kowa da hankali: in wanda aka yi wa laifi ya ce ya yafe, ina ruwan alƙali? Da kansa zai buɗe ƙofa. Ya yi imani da haka har zuciyarsa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin duk rigimar da ya sani a rayuwarsa haka ta ƙare.

Na koma Parakou raina a jagule. Wata mai zuwa yin kwafi a shagona ta gaya mini akwai ƙungiyar da ke kawo lauyoyi ranar Asabar a wani ajin makaranta a unguwar Ganou, suna sauraron marasa hali kyauta. Na je tun da sassafe, na tarar da layi har bakin rijiya. Lauyar da na samu yarinya ce a idona, siririya, da tabarau, tana cin gyaɗa daga cikin jaka tsakanin mutum da mutum. Na raina ta, ba zan ɓoye ba. Amma da ta fara tambaya sai na gyara zama. Ƙarfe nawa ya isa wurin 'yan sanda? Akwai wanda ya ji yana gaya wa mai mota maganar birki? An duba motar?

Da na gama ta ajiye alƙalami ta ce, "Madam, ba na yi wa kowa alkawari. Amma mutumin da ya kai kansa komisariya, hannun 'yan sanda, ba gudu ya yi ba. In dosiyen nan, takardun shari'ar, ya zo kotun ɗaukaka ƙara ta Parakou, ni zan tsaya masa, ba sai kun biya ni ba. Ina ganin za a iya rage masa da yawa, wataƙila ma ya koma ɗaurin talala."

Na ce, "Metir," haka ake kiran lauya a nan, "me zan yi?"

Ta ce ni ba abin da zan iya sa wa hannu. Ƙanena ne zai faɗa da bakinsa. A gidan kason akwai ofishi da rajista, ya je ya ce yana son apel, a rubuta, ya dangwala, shi ke nan. Ta kama hannuna ta ce, "Kafin Laraba ta biyu. Ki je ki gaya masa da kanki, kada ki aika."

Na fito ina ji kamar an sauke mini kaya. Har na sayi ayaba a hanya na kai wa yara.

Juma'ar farko an riga an je, an ce, "Mun ji." Ta biyu aka yarda aka ajiye goron, Baffa ya dawo gida fuskarsa a sake. Ranar Lahadi na hau mota zuwa Djougou da niyyar in wuce washegari garin da gidan kason yake, can gaba. Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Inna, mahaifiyarmu. Ina tsammanin za ta yi murna. Tana tsintar shinkafa a tire, sai ta ajiye tiren ta dube ni.

Ta ce, "Baffanku ya sani?"

Na ce a'a, kuma ba sai ya sani ba.

"Zai sani. A garin nan me ke ɓoyuwa? Goro yana ajiye a ɗakin mutumin nan, saura kwana biyar ya kwance. In ya ji, ya dawo mana da shi, ina ɗana zai sa kansa in ya fito? Wa zai ba shi mota? A wane sahu zai tsaya ya yi salla?" Sai ta fara kuka, irin kukan tsofaffi da ba ya da sauti. "Na roƙe ki don nonon da kika sha. Kwana biyar ne kawai. Baffanku ya ce za a sake shi."

Na ce Baffa bai san doka ba. Ta ce ni kuma ban san mutane ba. Muka yi ta yi har shinkafar ta jiƙe da yayyafi ba mu lura ba. Ban yi mata alkawari ba, amma ban kuma ce mata a'a ba, kuma ita ta san abin da shiruna yake nufi.

Litinin na je. Na kai masa tuwon masara da miyar kuɓewa a kwano, mai gadi ya soka cokali ya duba. Aka fito da shi. Ya rame, an aske masa kai, ya zauna a benci muna fuskantar juna. Maganar tana bakina, na shirya ta tun a mota, jimla biyu ce kacal. Ya riga ni.

"Yaya, sun karɓi goron?"

"Sun yarda an ajiye."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba, da ya rufe ido sai ya ga keken. Ya ce shi shekara ukun ba ta dame shi ba kamar a ce dattijon nan ya mutu yana riƙe da shi a zuciya. Ina kallonsa ina cewa a raina, bari ya gama sai in faɗa. Ya tambayi 'ya'yansa, na ba shi labari. Ya tambayi ƙafar Inna, na ce da sauƙi. Na gaya masa an gyara rufin kicin. Ni da ake cewa ina da baki, na zauna rabin awa ina ba mutum labarin rufin kicin. Mai gadi ya buga ƙofa, na ɗauki kwanona na fito.

Ba zan ce mantawa na yi ba, ba kuma zan ɗora wa Inna duka ba. Tsoro na ji. Na ji tsoron a dawo da goron a ce ni ce sila, in zama wadda ta je Parakou ta yi boko ta dawo ta raba gida biyu da suka shekara ɗari tare. Na kuma bar wani ɓangare na zuciyata ya yarda da Baffa, don yarda da shi ta fi sauƙi. Ranar Laraba ina shago ina buga wa wani takardar neman lasisin sayar da taki. Na duba agogo da azahar, na sake dubawa da la'asar. Lauyar ta kira sau biyu, na bar wayar tana ruri a cikin aljihun tebur.

Ranar Juma'a dattijon ya kwance goron da hannunsa. Waɗanda suka je sun ce ya yi magana mai sa kuka. Ya ce yaron nan a gabansa aka haife shi, bai fita gida da niyyar kashe kowa ba, ya yafe duniya da lahira. Ya ƙara da cewa shi da kansa zai je ya gaya wa alƙali. A gidanmu aka dafa shinkafa da wake aka raba wa maƙwabta. Matar ƙanena ta yi kitso.

Litinin muka tafi mu uku, ni da Baffa da dattijon, ya sha farar riga da rawani kamar mai zuwa idi. Magatakardan kotun mutumin kirki ne. Ya tashi ya ba tsofaffin kujeru, ya saurare su har ƙarshe. Sannan ya juya ga kalandar da ke bango ya bi ranakun da bakin biro, ko da yake na tabbata ya riga ya sani. Ya ce wa'adi ya wuce da kwana biyar, hukunci ya zauna.

Dattijon ya ce, "Yaro, wataƙila ba ka gane ni ba. Ni ne uban mamacin."

"Na gane ka, Baba."

"To ni na ce na yafe. Ɗana ne fa, ba ɗan gwamnati ba."

Magatakardan ya yi masa bayani a hankali, cewa yafiyarsa abu ce mai kyau, kuma da an ɗaukaka ƙara da ta yi amfani ƙwarai a gaban alƙalan Parakou, amma yanzu babu shari'ar da za a kai ta ciki. Dattijon ya dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙasa. Tsofaffi biyu da ba a taɓa mayar musu da magana a unguwarsu ba, ga su zaune a ofishin yaron da suka yi jika da shi, ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Na ji tausayinsu, kuma na ji haushin jin tausayin.

A bakin ƙofa Baffa ya matso kusa da ni ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ke da kika san abin haka yake, ai sai ki yi mini bayani da kyau."

Nan bakin nawa ya dawo, lokacin da ba shi da sauran amfani. Na gaya masa maganganu a gaban masu babur da masu sayar da lemo, waɗanda ba a gaya wa yayan uba. Dattijon ne ya ce, "Ya isa, 'yata," ya kama hannun Baffa suka tsallaka titi a hankali. Sai da na yi wata uku ban taka zauren ba.

Na kira lauyar daga tasha. Na ce mata wa'adi ya wuce, ban ce mata na je na kasa faɗa ba. Ta ce abin da ya rage sai ƙanena ya yi wani kaso na ɗaurin a nemi sassauci saboda kyawun hali, kuma wannan ba a hannun kowa yake ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in gaishe shi.

Bayan sati biyu na koma wurinsa. Labari ya riga ni, ya san an yafe, ya kuma san ba za a sake shi ba. Na same shi ya fi kwanciyar hankali fiye da yadda na zata. Ya ce yanzu yana barci. Ya ci tuwon sosai, yana ci yana ba ni labarin mutanen ɗakinsu, wane ɓarawon akuya ne amma ya fi kowa iya karatu, wane kuma shekararsa biyu ba a ma kai shi gaban alƙali ba. Can yana suɗe hannu sai ya ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci:

"Af, Yaya, kin san washegarin zuwanki na farko wani ma'aikaci ya kira ni ofis? Da wani babban littafi. Ya ce gobe kwanakina ke cika, ko ina son apel, in dangwala kawai. Har sau biyu ya tambaye ni."

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce a'a mana. Na ce masa yayata jiya ta zo, ita aikinta ke nan, takardun tiribinal take bugawa a Parakou. Da abu ne mai amfani da ta gaya mini."

Ya miƙo mini kwanon, ya ce miyar ta yi daɗi, in ƙara barkono in zan sake kawowa. Na ce to.

Ya yi shekara biyu da wata bakwai kafin a sake shi. Yanzu yana lodi a tashar Djougou, ba ya tuƙi. Duk sanda takarda ta zo masa da Faransanci, ko ta makarantar yara ce, ba ya yarda kowa ya karanta masa. Yakan ajiye ta a aljihu har sai na zo, kuma har yau ban gaya masa ba.